Takardar Kunnen 'Yan Tsanar Darlene

Akwai wata mata a unguwarmu a garin Kokomo na ƙasar Amurka, Darlene, wadda haukar tara 'yan tsana ta kama da hannu biyu a ƙarshen shekarun casa'in. Ƙananan dabbobi ne masu laushi cike da ƙwayoyin roba, kowanne da 'yar takarda maƙale a kunne. Manya da furfurarsu suna bin layi a ƙofar kanti cikin sanyi, wai nan gaba guda ɗaya za ta sayi mota.

Darlene ta fi kowa zaƙewa. Ta cika ɗakin ƙasa da robobi masu murfi, kowace takardar kunne ta yi mata rigar leda, domin a wannan harka takardar ce komai. Idan ta lanƙwashe, daraja ta zube. Ka ce mata kayan wasan yara ne, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce ba ka san jari ba.

Ranar wani bikin godiya na shekara-shekara, dangi sun taru a gidanta ana tsaka da cin talotalo, Shawna 'yar ƙanenta Wendell ta sulale ɗakin ƙasa. Shekararta shida. Ta ɗauko wani koren kwaɗo ta rungume, takardar ta kartar mata kunci, sai ta samu almakashi ta yanke ta.

Darlene ta fizge kwaɗon, ta kira yarinyar ɓarauniya a gaban kowa. Wendell ya ajiye cokali, ya sa wa 'yarsa rigar sanyi suka fita. Bai sake taka gidan ba har ya bar duniya.

Shekaru suka ja. Mijin Darlene ya rasu, gwiwoyi suka ƙi hawan bene, ta sayar da gidan za ta koma ɗan ƙaramin ɗakin haya. Sai ta tuna da jarinta. Ta kira wani dillalin tsofaffin kaya, ya duba roba biyu ya rufe, ya ce mata kowane gida a garin nan akwai irinsu, kuma kowa da takardarsa lafiya lau. Ko kyauta bai da wurin ajiye su.

Ranar Asabar ta baje su a ƙofar gareji. Mutane su ɗaga, su yi murmushi, su ajiye. Wani ma ya tambaye ta ko za su jure tauna, karensa yake nema wa. Ta rage kuɗi, ta sake ragewa, har ta gaji ta zauna a kujera tana kallon titi. Litinin motar shara za ta kwashe abin da ya rage. Abin da ya fi ci mata rai ba asarar ba ce. Saboda waɗannan tsummokaran ta rabu da jininta, ga shi yau ba mai taya ta ɗaga ko roba ɗaya.

Da yamma wata mata sanye da kayan ma'aikatan motar asibiti ta tsaya a gaban teburin.

"Gwaggo, sannu da rana. Na ga tallar a shafin unguwa na intanet."

Darlene ta gane idon Wendell a fuskarta. Da ƙyar ta ce, "Shawna, kwashi abin da kike so. Ba su da wata daraja."

Shawna ta ce duka take so. Ta gaya mata yaran da suke ɗaukowa daga wurin haɗari ko gobara kan firgita, su ƙi bari a taɓa su, amma da an miƙa musu abu mai laushi sai su lafa.

"Sai dai ba ma sa su a mota da takarda, Gwaggo. Ƙanana cusa ta suke a baki. Dole a yanke duka."

Ta zaro almakashin aikinta daga aljihu ta miƙa mata.

Darlene ta karɓa. Sannan ta ɗauki wani ɗan kare daga cikinsu ta yanke takardarsa. Ta ɗauki na biyu. Shawna ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, takardu suna zuba a ƙasa kamar ganye.

Can Darlene ta tashi, ta lallaba ɗakin ƙasa da gwiwoyin nan nata. Ta dawo riƙe da koren kwaɗo, wanda ta ware tun ranar a matsayin lalatacce.

"Wannan an riga an yanke masa," in ji ta, ba ta iya ɗaga kai ba.

Shawna ta karɓa ta ɗora shi a kuncinta.

"Wannan ba na mota ba ne, Gwaggo. Da wane lokaci zan zo Litinin mu kwashe kayanki?"

Darasi: Kada ka wulaƙanta ɗan'uwanka saboda kayan da kasuwa ta ce yana da tsada. Kasuwa tana canza magana, ranar da ƙarfi ya ƙare kuma mutum za ka nema. Tura wa wanda ka san ya yi fushi da jininsa a kan abin duniya, ko Allah zai sa ya ɗauki waya yau.