Dila da Babur Mai Baki

Ga wata nan ta iso ƙofa!

To, ta shigo mu ji ta!

Wai Dila ne dillalin babura a kasuwar dawa. Ran nan yana zaune, sai ga Bushiya tana turo tsohon babur ɗin da ta gada wurin ubanta, ƙiiƙi-ƙaaƙa, ƙiiƙi-ƙaaƙa. Damina ta kawo kai, ɗakinta kuwa ba jinka.

Dila ya zagaya babur, ya taɓe baki. Ya ce, "Ƙanwata, wannan ai sai 'yan gwangwan. Amma don zumunci, ga damin ciyawa biyu."

Bushiya ta san dami biyu ba ya rufe ɗaki. Ta karɓa, ta tafi tana share hawaye.

Dila ya shafe babur da jan fenti, ya ɗaura masa madubi, ya kafa shi bakin hanya.

Sai ga Kura. Ta ce, "Malam Dila, da sauran ƙarfinsa?"

Ya ce, "Hajiya, bai taɓa ɗaukar ko kaza ba."

Sai babur ya yi tari, uhum! Ya ce, "Ƙarya yake. Shekara talatin ina dakon doya."

Kura ta zura da gudu. Dila ya samo tsumma ya toshe salansa.

Sai ga Raƙumi. Ya ce, "Malam Dila, yana shan mai?"

Ya ce, "Alhaji, sansanawa kawai yake yi."

Babur ya tofar da tsumma, fat! Ya ce, "Ƙarya yake. Galan guda ba ya kai ni rafi."

Raƙumi ya wuce abinsa. Gumi ya karyo wa Dila. Ya durƙusa gaban babur yana roƙo, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri." 

Sai ga Zaki, sarkin dawa, da fadawansa. Ya ce, "Kai Dila, sabo ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya aka ciro shi daga kwali!"

Zaki ya ja tsaki. Ya ce, "Sababbi goma ne a gidana. Tsoho nake nema. Sarkin ƙetaren kogi ya sami wani na zamanin da, ya dame ni da fankama."

Dila ya yi wuf ya ce, "Ai tsoho ne, ranka ya daɗe! Tsoho tukuf!"

Babur ya ce, "Yau dai ya faɗi gaskiya, amma ba da niyya ba. Ranka ya daɗe, ni na kai kakanka wurin mai magani ranar da ƙashi ya maƙale masa a wuya. Uban Bushiya ne ya tuƙa ni. Dilan nan kuwa ciyawa dami biyu ya ba 'yarsa Bushiya a kaina."

Zaki ya sa aka kira Bushiya, ya ba ta gida mai rufin kwano da rumbun gero. Sannan ya dubi babur, ya haɗe rai. Ya ce, "Ina tsatsar? Ai ita nake saye! Kai Dila, kankare fentin nan da farcenka."

Kwana bakwai Dila yana kankara. Ya kankara, ya kankara, har faratansa suka cinye.

Zaki kuwa ko sau ɗaya bai hau ba. Aka girke babur a ƙofar fada, fadawa suka kewaye shi suna cewa, "Kai! Wannan tsatsa ta manya ce! Ba mu taɓa ganin mai kyanta ba!"

Babur ya yi tari, uhum! Ya ce, "Ƙarya suke. Ranka ya daɗe, ɗazu da ba ka nan, ce mini suka yi bola, kai kuma suka ce ka fara ruɗewa."

Daga ranar fadawa ta ƙofar baya suke shiga.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta da jelar ɓera. Mai sayar da kaya da ƙarya, wata rana kayan ne da kansu za su tona shi.