Ba-ka-sauka da Hanyar da Bai Bi Ba

Akwai wani mai gyaran kekuna da 'yan unguwa suke kira Ba-ka-sauka. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa, domin ba ya zama a cikin mutane ya tashi bai faɗi cewa tun da ya fara hawa keke, tudu ko ruwa bai taɓa sauke shi daga sirdi ba. Gwani ne, babu musu. Aibinsa ɗaya ne: ya fi son sunan nan fiye da gaskiya.

Duk shekara shi da abokansa sukan ɗauki hutu, su ɗaure jakunkuna a kariyar bayan keke, su yi ta tafiya daga gari zuwa gari a kan kekuna. Tsarinsu shi ne Ba-ka-sauka ya riga su tashi da kwana guda. Idan ya isa masauki sai ya bugo waya ya faɗi yadda hanya take, su kuma su biyo baya da safe. Abin da ya faɗa shi ne hanya, babu mai sake tambaya.

A cikin masu biyo bayan akwai ƙanensa, tela, wanda kowa ke kira Auta. Mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, kullum shi ne na ƙarshen isowa, yana haki yana dariya. Shekara ya yi yana tara kuɗi kafin ya sayi kekensa, kuma ba don son wahala ya shiga tafiyar ba. So yake yayansa ya dube shi wata rana ya ce ya yi ƙoƙari.

A tsakiyar tafiyar wata shekara aka tashi da ruwa. Ba-ka-sauka ya sa rigar ruwa ya kama hanya shi kaɗai. Kafin hantsi takalmansa sun cika, birki ya daina kamawa sosai, yatsunsa sun ƙage a kan kan keke. Da ya hangi wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, sai ya ratse ya fake a ƙarƙashin rumfa, wai ruwa ya ɗan tsagaita.

Mai sayar da tikiti ya leƙo ta taga ya ce, “Maigida, jirgi na nan tafe. Akwai taragon kaya, keke yana shiga.”

“Ni ba na hawa jirgi,” in ji shi.

Ya faɗi haka, amma bai tashi ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, babu wanda ya san shi. Da jirgin ya tsaya, sai ga gwanin namu yana tura keke cikin tarago, kansa a sunkuye. Ciki da ɗumi. Ya sayi shayi, ya cire safa ya matse, ya jingina da taga. Gilashin ya yi hazo, ba a ganin komai a waje, kuma ba a jima ba barci ya kwashe shi. Hanyar kwari da aka aike shi dubawa ta wuce yana minshari.

Hawa jirgin ba laifi ba ne, hankali ne ma. Laifin ya fara ne bayan ya sauka. A bakin tasha ya bi da kekensa ta cikin kududdufi, ya yayyafa wa wandonsa taɓo, sannan ya nufi masauki. Da yamma ya buga waya, Auta ya ɗauka.

“Yaya, ka isa lafiya? Hedimasta ya ce gobe jirgi za mu hau, wai ruwan ya yi yawa. Kai fa?”

Hedimasta shi ne dattijon tawagar, tsohon shugaban makaranta ne. Da Ba-ka-sauka ya ce shi ma jirgin ya hau, da magana ta ƙare a nan. Sai ya ji sunansa yana neman faɗuwa ƙasa.

“Jirgi kuma? Ni da kekena na zo. Hanyar kwari lafiya lau take, ɗan taɓo ne kawai.”

Washegari ya je tasha tarar su. Suka fito ɗaya bayan ɗaya da kekunansu a bushe, suna tsokanarsa cewa shi ba mutum ba ne, kifi ne. Ya yi ta dariya yana leƙa bayansu. Bai ga Auta ba.

“Ina ƙanena?”

Hedimasta ya ce, “Mun yi mun yi da shi, ya ƙi. Ya ce hanyar da yayansa ya bi, shi ma zai bi. Tun asuba ya tashi.”

Sai da suka koma masauki, matar da ke kula da wurin tana shimfiɗa musu zannuwa, ta ji ana zancen hanyar kwari. Ta ɗago kai ta ce, “Wace hanyar kwari? Ai ruwa ya tafi da gadar rafin can tun shekaranjiya. Ko mota ba ta bi.”

Kowa ya juyo ya dubi Ba-ka-sauka, shi kuma ya dubi taɓon da ya bushe a wandonsa. Ya buga wayar Auta, ba ta shiga, domin babu sabis a cikin kwarin. Suka nemi mota ta zagaya da su ta doguwar hanya.

A wani ƙaramin asibiti kusa da rafin suka sami Auta. Manoma ne suka tsamo shi. Ashe da ya isa gadar ya ga babu ita, sai ya ce a ransa tunda Yaya ya haye jiya, lallai akwai mashigi. Ya saɓa keke a kafaɗa ya shiga ruwa. Ruwan ya ƙwace keken, ya maka shi da dutse, hannunsa na dama ya karye, hannun da yake riƙe almakashi da shi.

Yana kwance an ɗaure hannun, da ya ga yayansa sai ya yi murmushin jin kunya.

“Ka yi haƙuri, Yaya, na ba ka kunya. Wai ta ina ka haye? Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga wurin ba.”

Ba-ka-sauka ya zauna a bakin gadon. Hawaye suka zubo masa.

“Ban haye ba, Auta. Jirgi na hau.”

Auta ya dubi silin. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba.

“Da ka faɗa mini,” ya ce. “Ni fa tun farkon tafiyar nan ƙafafuna suke ciwo. Jirgin nake so in hau. Kunyarka ce ta hana ni.”

Hannun ya warke a hankali, amma watanni shagon ɗinkin yana rufe, kuma Ba-ka-sauka ne ya riƙa kai cefane gidan. Da shekara ta zagayo, Hedimasta ya ba wani daban aikin duba hanya. Auta yana gaishe da yayansa kamar kullum, da ladabinsa, sai dai bai sake tambayarsa yadda wata hanya take ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gajiya ba abin kunya ba ce, kuma sauya shawara idan hali ya sauya ba ragwantaka ba ce. Wanda mutane suka dogara da maganarsa, ya sani akwai masu taka ƙafa a inda ya ce su taka. Idan ka ƙawata kanka da abin da ba ka yi ba, mai ƙaunarka ne zai fara gwada yin sa, kuma shi zai ji ciwon. Ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da ba ka gani ba, ko da sunanka zai ragu a idon jama'a.