Gugan Nomau a Tsakiyar Teku

To jama'a, a gyara zama, mai gyangyaɗi kuma a taɓa shi, don a ƙarshe kowa sai ya yanke hukunci.

Lokacin yaƙin Bama, an kwashi sojojinmu daga Ikko a ayarin jiragen ruwa. A tsakiyar ayarin akwai wani jirgin rakiya mai shimfiɗaɗɗen rufi kamar filin idi. A kansa ƙananan jiragen sama suke tashi suna dubo jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Da yake wuri ya yi kaɗan a sauran jiragen, sai aka zuba wasu sojoji a cikinsa. Doka ɗaya aka ja musu kunne a kanta: jirgin nan ba ya tsayawa. Ko uban kyaftin ne ya faɗa ruwa, sai dai a yi masa addu'a, domin in ya tsaya za a harbe shi, ayari duka ya shiga uku.

A cikinsu akwai Nomau, Bagobiri, mutumin kirki, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya ba. Ran nan azahar ta yi, aka ce an rufe famfo. Nomau ya dubi teku ya ce ga ruwa har ya yi yawa. Ya sami bokiti da igiya, ya naɗe bakin igiyar a wuyan hannunsa kamar yadda ake yi a rijiyar garinsu kada guga ya suɓuce, ya yi bisimilla ya jefa. Ita rijiya a tsaye take, shi ko jirgi gudu yake yi. Bokiti na cika ya fizge shi, takalmansa kawai aka gani.

Yana da abokai uku.

Na farko Lurwanu, Basarke daga Yawuri, ɗan masunta. Bai tsaya tuɓe riga ba, ya rungumi tayar ceto ya bi shi, alhali ya san dokar sarai. Ya nutsa, ya cimma Nomau bokiti na jan sa ƙasa, ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya ɗago shi. Haka ya tallafe masa haɓa, igiyar ruwa na dukansu, suna kallon ayari yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Nomau ya ce ya sake shi ya tsira da ransa. Lurwanu ya ce, "Rufe bakinka, Bagobiri, ka sha na alwala ya isa."

Na biyu Mu'azu, kofur ne, ko tafki bai iya tsallakewa ba. Ya roƙi hafsan da ke bakin aiki a tsayar da jirgi, hafsa ya ce doka ce. Sai ya hangi wani ƙaramin jirgin sama zai tashi sintiri, farfela har ta fara juyawa. Ya ruga ya kwanta a gaban tayarsa ya ƙanƙame ta. Aka ja, aka doka, aka auna shi da bindiga, ya ce shi da tashi sai matuƙi ya yi alkawarin duba baya. Matuƙi ya ɗaga hannu ya yi alkawari, kuma ya cika: ya gano su, ya yi ta shawagi a kansu har wani ƙaramin jirgin ruwa da ke wutsiyar ayari ya juya ya tsamo su. Mu'azu kuwa an cire masa igiyoyinsa na kofur, ya ƙarasa tafiyar a kulle a gadurum.

Na uku Ɗayyabu, wanzami daga Haɗeja. Dama ma'aikatan ƙaramin jirgin nan sun aro shi yana yi musu aski. Ko da aka tsamo Nomau ba ya numfashi, jiki ya yi sanyi. Mai duba marasa lafiya ya taɓa shi ya girgiza kai, har an kawo tamfol za a ɗinke shi a mayar da shi inda ya fito. Ɗayyabu ya zauna a kan tamfol ɗin ya ce bai yarda ba. Ya kifa shi, ya danna, ya zura yatsa ya buɗe maƙogwaro, ya kafa baki ya yi ta zuƙa kamar mai yin ƙaho, mutane na cewa ya bar gawa ta huta. Can sai Nomau ya yi tari ya amayar da teku. Abin da ya fara tambaya shi ne ko la'asar ta yi.

Allah ya sa duk huɗun suka dawo gida. Bayan shekara matar Nomau ta haifi namiji, ɗansa na fari. Ya aika wa ukun nan goron suna, da saƙon cewa sunan wanda ya ceci ransa za a raɗa wa yaron. Kowa ya ɗauka da shi ake, kowa ya zo da rago.

Da safe liman ya zauna, ya tambayi suna. Nomau ya dubi Lurwanu, wanda ba don shi ba da kifaye sun yi walima. Ya dubi Mu'azu, wanda ba don shi ba da su biyun har yau suna can. Ya dubi Ɗayyabu, wanda ba don shi ba da an ɗinke shi da ransa. Ya sunkuyar da kai yana share hawaye, liman na jira, mata a cikin gida sun shirya guɗa.

To, ku da kuke zaune, yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne. Sunan wa za a raɗa masa?