Hular Sumana a Gidan Tinni

Mahaifina Sumana manomin shinkafa ne a ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Tilaberi. Wajen aiki ba a kai shi, amma girman kai ya yi masa yawa. In ya yi fushi da mutum, ko gaisuwa ba ta sake haɗa su.

Shekara tara ba ya magana da Tinni, maƙwabcin gonarsa. Tinni ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa ganuwar da Baba ya ɗaga don tare ruwa ba ta da ƙwari. Gaskiya ya faɗa, amma Baba ya ɗauke ta cin fuska. Tun daga nan kowa ke gyara tasa, mahaɗar tsakiya, inda ganuwoyin biyu suka haɗu, babu mai taɓa ta.

Wata shekara kogi ya fara cika da wuri. In ba a toshe mahaɗar nan ba, abincin gida biyu na shekara ya tafi. Liman ya yi magana, dattawa suka yi, Baba ya ce gara ruwa ya cinye.

Ranar Juma'a sai ga Bibata, taubashiyarsa. A wajenmu Zabarmawa, taubashi ya zage ka ko ya ƙwace kayanka, in ka yi fushi kai ne ka ji kunya. Ta same shi yana alwala, ta sure hularsa.

"Bawana, ƙaton kan nan naka ya fi ƙarfin hula. Gidan Tinni zan kai ta ajiya."

"Ke Bibata, ba ki da hankali ne?"

"Na zo aro gidanku, aka ce ya ƙare!"

Ta kuwa kai ta gidan Tinni. Aika wani ya karɓo faɗuwa ce a wasan taubasai, gari duka zai yi masa dariya. Dole ya tafi da kansa. Na bi shi, don ina tsoron a ba hammata iska.

"Hulata na zo karɓa," in ji Baba, yana kallon bango.

"Ga ta. Amma zauna, Sumana," in ji Tinni.

Baba ya zauna a bakin tabarma. "Ka kunyata ni a gaban jama'a."

"Na yi. Kai kaɗai ya kamata in samu in faɗa maka, ka yafe mini. To kai fa? Innata ta rasu, matar da ta goya ka, ba ka zo gaisuwa ba."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Amma sai ya ce, "Ci gaba, ina jin ka." Ya saurara har Tinni ya amayar da na cikinsa, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ba ni da hujja. Ranar na zo har ƙofar nan, girman kai ya mayar da ni. Ka yafe mini."

Wallahi ban taɓa alfahari da mahaifina kamar ranar ba.

Washegari aka yi gayya, gida biyu suka toshe mahaɗar. Bayan kwana huɗu ruwa ya iso, ya tsaya a bayan ganuwa. Da kaka Baba ya ɗauki damin farko ya kai gidan Tinni, ya ce sadaka ce ga Inna.

Darasin a nan shi ne, gaba ba ta ƙarewa don an daɗe ana shiru. Ka je da ƙafarka, ka faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka kuma daure ka saurari nasa har ƙarshe. Sau da yawa mai ganin an cuce shi, shi ma yana da laifin da bai taɓa tsayawa ya duba ba.