Rumbun Kurege da Shekarar Jan Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, a bar surutu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A zamanin da gero ke shekara uku a rumbu, tsoho Kunkuru ya tarar da Kurege yana gina rumbu daɓas a ƙasa, babu duwatsu a gindi.

Ya ce, "Yaro, ɗora shi kan duwatsu. Shekarar jan ruwa kogi har kasuwa ya shiga. Masu rumbu a sama kaɗai suka ci tuwo."

Kurege ya kwashe da dariya. "Baba, kullum jan ruwa! Daminata tara, ko wutsiyata ba ta jiƙe ba."

"Tawa casa'in. Kogi ba ya manta hanyarsa."

Da damina ta yi tsakiya aka kwana uku ana ruwa. Kogi ya shigo gari, rumbun Kurege ya narke, geronsa ya bi ruwa.

Ya je wurin Kunkuru da ƙwarya, kai a sunkuye. Kunkuru ya cika masa, ya ce, "Ɗauka. Amma daga yau kai za ka riƙa gargaɗin yara. Kai ma ka ɗanɗana dariyarsu."

Mu da irin wannan aka rene mu, kuma mun ji.

Ƙurunƙus kan kusu, wanda bai ji ba ruwa ya gaya masa.