Kurege Ɗan Aiken Masu Ƙuli-ƙuli

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko ta fi ta jiya.

To, ku gyara zama. Mai jin barci ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita tatsuniya.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Marke akwai wasu tsofaffi biyu, Gwaggo Tabawa da Inna Dudu. Dukansu ƙuli-ƙuli suke yi. Tabawa zobe-zobe take murza nata, ta narka masa barkono har sai mai ci ya share hawaye. Dudu kuwa dunƙule nata take yi, ta sa citta, ta soya shi ya yi ja. Tun suna 'yan mata suke ja-in-ja a kan na wa ya fi daɗi, har gashi ya yi fari ba a gama ba.

Mutanen gari sun rasa sunan da za su sa wa abin. Wasu su ce gasa ce, wasu su ce hamayya, wasu su ce kishi ne kawai na tsofaffi. Amma ba wanda ya taɓa cewa gaba ce. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Dudu, Tabawa ce ta dama mata kunu. Tana damawa tana cewa, "Tashi ki sha. In kika mutu yanzu sai a ce tsoron ƙulina ne ya kashe ki."

Suna da wata al'ada. Duk wadda ta yi suya, kwashin farko ba na kasuwa ba ne. Sai ta cika kwano ta kai wa 'yar'uwarta, ta ce, "Ci ki koya." Ita kuma ta juye, ta cika kwanon da nata, ta ce, "Ci ki ji kunya." Kun san dai a wurinmu ba a mayar wa mutum kwano wayam. Gara ka zage shi a bainar jama'a.

Ana nan, ana nan, sai wata damina ruwa ya ci hanyar da ke tsakanin gidajensu, ta zama kwari mai zurfi. Gwiwoyin tsofaffi kuwa sun gaji. Sauka wahala, hawa wahala.

A cikin kwarin nan akwai wata tsamiya, a gindinta kuma Kurege yake da rami. Kurege, kun san shi, ƙaramin jiki, babban ciki. Kullum ƙanshin suya yana sauko masa ta hagu, ya sauko masa ta dama, shi kuwa sai haɗiyar miyau.

Rannan ya wanke fuska, ya taje wutsiya, ya hau gidan Tabawa.

"Salamu alaikum, Gwaggo. Tausayinki ne ya hana ni sukuni. Babba kamarki tana rarrafe a kwari, ga ɗanki yana zaune? Kawo kwanon."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ce mata in ji ni, ta ci ta koya."

Ya kai. Dudu ta yi dariya, ta juye, ta cika, ta ce, "Ka ce mata ta ci ta ji kunya." Ya dawo da shi. Kowacce ta ba shi guda ɗaya tukuici.

Guda ɗayan nan ita ta ɓata yaro. Kashegari ya tsaya a gindin tsamiya ya ce, "Bari in ɗanɗana, kada a ba tsohuwa mai ƙuna." Ya ci ɗaya, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Wata rana ya ce, "Kwanon nan ya yi mini nauyi." Ya rage masa nauyi, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Wata rana kuma bai ma nemi dalili ba. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ƙurus, ƙurus, ƙurus, sai ga fuskarsa yana gani a gindin kwano.

Ya ce, "Af!"

Ya duba gidan Dudu, ya ga ba abin kaiwa. Sai ya lashe kwanon tas, ya koma wa Tabawa da shi.

Tabawa ta leƙa kwano, ta sake leƙawa. "Ina nata?"

"Haka ta ba ni, Gwaggo."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ko 'ci ki ji kunya' ba ta ce ba?"

"Ko tari ba ta yi ba."

Tabawa ta zauna a kan turmi. Da zagi aka aiko mata da ta ji daɗi, don tana da amsarsa tun jiya. Shirun nan ne ya soke ta.

Can kuwa Dudu ta jira kwano ba ta gani ba. Ta ce, "Ko tsohuwar nan ba ta da lafiya?" Ta soya nata, ta kira Kurege, ta ba shi. Ya sauka gindin tsamiya, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Ya lashe kwano ya mayar mata.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Inna."

Dudu ta juya ta shiga ɗaki, don kada ɗan aike ya ga idonta.

Daga ranar Tabawa ba ta ƙara hura wuta ba. Ta kife kasko, ta ce wa za ta soya wa? Dudu ma ta kife nata. Masu saye suka zo suka koma. Kowacce ta zauna a ƙofar ɗaki ta ba kwari baya. To, wannan kam ita ce gaba, kuma wallahi abin tausayi ne ka ga tsofaffi biyu suna ramewa saboda kewar wadda za ta zage su.

Kurege fa? Ya wayi gari ba ƙanshi ta hagu, ba ƙanshi ta dama. Ya tono saiwa ya tauna ya tofar. Ya gwada ɗanyar tsamiya, haƙoransa suka mutu. Ya riƙe ciki ya ce, "Kai, Kurege, ka cinye rumbu har da irin shuka."

Ya zauna ya yi tunani, ya yi tunani. Sai ya hau gidan Tabawa.

"Gwaggo, ni dai ban so in faɗa ba. Inna Dudu na ba da labari wai hannunki ya tsufa, ba ya iya matse tunkuza, shi ya sa kika bari."

Tabawa ta yi zumbur ta miƙe, gwiwa ta manta da ciwo. "Ni? Hannuna? Miƙo mini kaskon can!"

Ya zarce gidan Dudu. "Inna, ni dai ban so in faɗa ba. Gwaggo Tabawa ta ce kin sallama, wai kin gane nata ya fi."

"Na sallama? Ni Dudu? Ina itacen nan?"

Kafin la'asar hayaƙi ya tashi ta hagu, ya tashi ta dama. Kurege ya koma gindin tsamiya yana rawa, yana jiran a kira ɗan aike.

Ba a kira shi ba. Ya zuga wuta ta fi ƙarfinsa. Tabawa ta ce wannan kwano da hannunta za ta kai shi. Dudu ma haka ta ce. Kowacce ta ɗora kwano a ka, ta ɗauki muciya ta yi sanda da ita, ta gangaro tana nishi. Suka yi kiciɓis a gindin tsamiya, suka dire kwanuka.

"Ke ce mai dawo mini da kwano wayam?"

"Ni? Yaushe rabon da in ga kwanonki? Ke dai kika dawo mini da nawa kamar an wanke!"

"Naki? Wane naki?"

Suka tsaya suna kallon juna, baki buɗe. Wurin ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan sai suka ji wani abu a bayansu.

Ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Mai hankali da ya tsere tun da ya hango su. Kurege kuwa ya shige kwanon Dudu har kunne, hannu ɗaya kuma yana cikin na Tabawa. Tabawa ta damƙe wutsiya, Dudu ta damƙe wuya.

"Sakar mini shi, ni zan dake shi!"

"Ke kin iya duka? Ni zan dake shi!"

Suka ja shi nan, suka ja shi can. Sai Dudu ta ce, "Tsaya. Duk garin nan ba wanda ya ci nawa da naki kamar ɓarawon nan. Ya faɗa mana na wa ya fi daɗi. Wadda ya zaɓa ta yafe masa, ɗayar ta sauke masa muciya."

"Na yarda. Faɗi, ɗan nema!"

Kurege ya dubi muciyar hagu, ya dubi ta dama. Duk kaurinsu ɗaya. Ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Iyayena, na sani kuwa. Wallahi na san wanda ya fi, kuma yanzu zan faɗa. Amma ku yi bankwana tukuna."

"Bankwanan me?"

"To, in na faɗa ai magana ta ƙare. Wadda ta faɗi za ta kife kasko, ba ta ƙara hurawa. Wadda ta ci kuma, gobe da safe in ta kwashe na farko, wa za ta aika wa? Ni dai duka ɗaya zan sha in warke. To, ku saurara. Wanda ya fi daɗi shi ne na..."

"Rufe mana baki!" in ji Tabawa.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Dudu.

Kowacce ta kai hannu za ta toshe masa baki, wuya ya kuɓuce, wutsiya ta kuɓuce. Kurege ya yi wuf, sai rami.

Tsofaffi suka zauna a kan saiwar tsamiya suna haki. Tabawa ta dubi 'yar'uwarta da kyau, ta ce, "Kin rame, Dudu."

"Ke ma kin zama kamar karan dawa."

Dudu ta ɗauki zobe ɗaya na Tabawa ta gatsa. Hawaye suka zubo mata shar.

"Kuka kike yi?"

"Barkononki ne, muguwa. Har yau ba ki iya ba."

Tabawa ta fashe da dariya, tana share nata idon da bakin zane, ita da ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Kurunkus kan ɗan kurege! Ba don kada ku ce na yi ƙarya ba, da na ce da ni aka raka su gida. Darasin kuwa shi ne, in ka saci ƙuli-ƙuli, jiƙa shi kafin ka tauna.