Gadu da Haƙoran Aro

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To, ku matso. Da can Gadu ba haka kamanninsa suke ba. Bakinsa sumul, haƙoransa ƙanana kamar tsabar shinkafa. Ko fushi ya yi, sai a ɗauka murmushi yake.

Yana da gonar gyaɗa a bakin fadama, da ita yake ci da iyalinsa. Bara birai suka tone ta tas, gidan Gadu suka yi rani suna cin saiwar ciyawa, har 'ya'yansa suka rame. Bana gyaɗa ta yi kyau, ta kusa isa cira, ga birai sun fara zagaye. Gadu ya daka musu tsawa. Babbansu, Jan Biri, ya ce, "Sannu da fara'a, Malam Gadu!"

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya koma gida ya ce da matarsa, "Dodo zan zama."

Ta ɗinka masa rigar tsumma, ta shafe masa fuska da baƙin tukunya. Ta ja da baya ta dube shi, ta ce, "Maigida, komai ya yi. Amma bakin nan naka ko ɗan tsako ba zai razana ba. Je ka nemo haƙora."

Sai ya tafi wurin Gwaggo Kunkuru. Ita ke sassaƙa wa masu wasan tashe haƙoran aro, ita kuwa ko ɗaya babu a bakinta.

"Gwaggo, haƙora nake so, masu ban tsoro."

"Buɗe mu gani." Ta leƙa, ta auna da kara. "Akwai na rogo, akwai na sakaina, akwai na ƙaho. Wanne?"

"Na rogo. Sun fi fari."

Ta fere rogo, ta liƙa masa da tuwo. Gadu ya je gona ya laɓe bayan suri. Shiru, shiru, birai ba su zo ba, yunwa ta riga su zuwa. Ya lashi haƙori ɗaya. Ya ɗan gutsura. Kafin birai su iso, dodo ya cinye haƙoransa! Ya yi tsalle ya fito, "Huuu!" Birai suka dubi baki, suka tsuge da dariya, suka kama waƙa. Ku amsa mini, yara:

"Dodo, dodo, ina haƙori?"

"Yana ciki, ya bi tuwo!"

Suka tone kunya guda suka tafi.

Gadu ya koma. "Gwaggo, ba ni waɗanda ba a ci."

Ta kankare sakaina, wato fasasshiyar ƙwarya, ta yi mata tsini, ta liƙa masa da kakin zuma. Ya je ya laɓe. Rana ta take, kaki ya fara narkewa, shi kuwa bai sani ba. Birai suka zo. Ya wage baki, "Huuu!" Haƙora suka yi fitar burgu, suka faɗi gaban Jan Biri. Jan Biri ya ɗauki ɗaya ya ce, "Madalla, ka kawo mana abin tono."

"Dodo, dodo, ina haƙori?"

"Yana ƙasa, ya bi rana!"

Suka tone kunya biyu suka tafi.

Gadu ya koma idonsa cike da ƙwalla. "Gwaggo, in suka sake zuwa, 'ya'yana sun shiga uku. Ba ni waɗanda ba a ci, ba sa faɗuwa."

Kunkuru ta jawo ƙahonin rago guda biyu. Ta goga su a dutse. Ta gwada masa suna kallon ƙasa, suka soke shi a ƙirji. Ta juya su suna kallon sama, suka zauna daram. Sai ta dama ƙaro mai kauri ta liƙa.

Ta ce, "Ɗana, saurara. Ƙaro ba tuwo ba ne. Da ka kore su, ka dawo in jiƙa maka da ruwan ɗumi in cire su tun yana da danshi. In ya bushe, ba ruwana."

"Na ji, Gwaggo."

Birai suka zo, har sun fara gyara murya. Gadu ya fito daga bayan suri. Ko "huuu" ɗin bai ƙarasa ba. Jan Biri ya ce, "Wayyo Allah, na gaske ne!" Wannan ya taka wutsiyar wancan, wancan ya hau kan wannan, suka watse cikin daji.

"Dodo, dodo, ina haƙori?"

Wa zai amsa? Ai masu amshin sun tsere.

Gadu ya kama hanyar gidan Kunkuru, daɗi kamar ya kashe shi. Ya gamu da Zomo. Zomo ya durƙusa ya ce, "Barka da rana, ranka ya daɗe." Kai! Tun da aka haifi Gadu ba a taɓa durƙusa masa ba. Ya gamu da Dila, Dila ya durƙusa. Ya gamu da Kura, ita da kullum take lashe baki in ta gan shi. Ita ma ta zube ƙasa.

Nan fa kan Gadu ya kumbura. Ya ce, "Bari in ɗan zaga ta kasuwa." Daga kasuwa ya zaga ta bakin rafi. Daga rafi ya sake komowa kasuwa, wai akwai waɗanda ba su gaishe shi ba. Rana kuwa tana ta aikinta a kan ƙaro.

Da ya isa wurin Kunkuru, ta ƙwanƙwasa ƙahon, ta ji ƙwas. Ta jiƙa da ruwan ɗumi, ta ja, ko motsi. Aka kira matar Gadu ta kama Kunkuru, 'ya'ya suka kama uwarsu, aka ja, aka ja, duk suka zube a ƙasa. Kunkuru ta karkaɗe jikinta ta ce, "Ɗana, Allah ya sanya alheri. Sun zama naka."

Aka cire gyaɗa, rumbu ya cika fal. Matar Gadu ta dafa ta zuba masa a akushi. Ya kai baki, haƙora suka doki akushin. Ya karkata ta dama, ƙwas. Ya karkata ta hagu, akushi ya kife. Ba yadda zai yi, sai ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya ci a ƙasa. 'Ya'yansa suka yi ta dariya da bakinsu cike da gyaɗa. Shi ma ya dara, ya ce, "Ku yi dariyarku, tun da dai kun ƙoshi."

Shi ya sa har yau haƙoran Gadu suke waje suna kallon sama, kuma in zai ci abinci sai ya durƙusa. Ya so duniya ta durƙusa masa, ga shi nan yana durƙusa wa ciyawa. Ku kuma in kun ari abu don wani aiki, da aikin ya ƙare ku mayar da shi.

Ƙurunƙus! Kowa ya taɓa haƙoransa ya ji ko nasa ne.